Oga ya rubuta in ƙara zama "aggressive": faɗa ake so in riƙa yi da kwastoma?

Ɗan Sola: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu Turanci ku fitar da ni daga duhu. Wata shida ke nan ina aiki da wani kamfani mai sayar da sola da batura a nan Kano, ni ne mai zagaya shaguna da gidaje ina tallar kaya. Jiya aka raba mana takardar awon aiki ta rabin shekara. Oga ya yaba min a kan zuwa da wuri da riƙon amana, sai a layin ƙarshe ya rubuta: "He needs to be more aggressive." Na duba ƙamus ɗin waya, abin da ya fara fito min shi ne mai neman faɗa, mai kai hari. Tun jiya abin yake cin raina. So yake in riƙa ɗaga wa mutane murya, ko kuwa baƙar magana ce ya yaɓa min cikin Turanci?

Yaron Liverpool: Wa alaikumus salam. Yaya kwantar da hankalinka, ba zagi ba ne. Cewa ya yi ka cika sanyi.

Ɗan Sola: Sanyi kamar yaya? Kullum sai na shiga shago ashirin ko fi, takalmina har ya cinye.

Malam Mai Ritaya: Ɗana, ƙamus bai yi maka ƙarya ba, ma'anar farko ya ba ka ka tsaya a nan. Na yi shekara 31 ina koyar da Turanci a sakandare, kuma wannan kalma tana cikin masu wahalar da yara. Asalinta Latin ne. "Ad" na nufin zuwa ga, "gradi" kuma taka ƙafa, sai aka haɗa aka sami "aggredi", wato ka tako zuwa wurin mutum. Daga wannan saiwar "progress" ta fito, takawa gaba, haka "graduate" da "congress". To mai takowa wurinka iri biyu ne: akwai mai zuwa da sanda, akwai mai zuwa da farantin talla. Turawa sun daɗe suna amfani da ita a kan mai sanda kawai. Daga baya 'yan kasuwa, musamman na Amurka, suka ɗauke ta suka mayar da ita yabo ga mai farantin da ba ya jin "a'a" ta farko ya juya. Ogan naka da bakin 'yan kasuwa ya yi magana.

Ɗan Kwari: Malam ya gama magana. Bari in kawo maka shi a aikace, ƙanena. A layinmu, yaron da zai zauna a ƙuryar shago yana latsa waya yana jiran ciniki ya faɗo masa daga sama, ba ya wata biyu maigida zai sallame shi. Hajiya ta shigo layi tana waige-waige, kai kuma ka riga ka miƙe: "Hajiya sannu da zuwa, atamfa ce ko leshi? Shigo ki zauna ki huta." Ka sa a kawo ruwa mai sanyi. Ta ce kalar ba ta yi mata ba, ba za ka ce babu ba, sai ka ce "minti biyu", ka ruga maƙwabta ka karɓo kala uku. Ta taya, ka ce albarka, ta miƙe za ta tafi, ka ce "dawo Hajiya, kawo kuɗin, don dai ke ce." Wannan mu zafin nema muke ce masa. Amma wanda zai tare mata hanya ko ya kama gefen mayafinta, wannan ba ɗan kasuwa ba ne, ɗan kamashon tasha ne mai fizgar jakar fasinja.

Ɗan Sola: Yaya ni gaskiya in mutum ya ce "sai na yi shawara", godiya nake yi in bar masa lambata in tafi. Kunyar komawa nake ji, kada a ce na cika naci.

Ɗan Kwari: To ga ciwon nan. Wa ya taɓa kiranka cikin waɗanda ka bar wa lamba?

Ɗan Sola: Mutum biyu.

Ɗan Kwari: A wata shida!

Malam Mai Ritaya: Alhaji na Kwari, ina da ja kaɗan a kan fassararka. "Zafin nema" ta yi kusa, amma ka lura ko a bakinmu ba yabo zalla ba ce, tunda mu ne muka ce zafin nema ba ya kawo samu. Duk kalmar da na jaraba sai in ga ta karkata gefe guda. Himma da ƙwazo da kuzari sun yi tsabta da yawa, babu ƙamshin turereniya a cikinsu. Naci da zaƙewa da shisshigi da rawar kai kuma duk aibu ne, babu uban da zai ji daɗi a ce ɗansa yana da su. Ita kuwa "aggressive" tana riƙe da ɓangarorin biyu a lokaci guda, mai sauraro ne zai duba bakin da ta fito da kuma wanda aka jefa wa.
Akwai wani Bature, Anthony Kirk-Greene, da ya yi aikin mulki a Adamawa kafin ya koma koyarwa. A 1974 an buga laccarsa a kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki, ya jero halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ku duba da kyau, babu kutsawa gaba a ciki. Shi ya sa yaron nan yake jin kamar an ce ya ajiye tarbiyyarsa a ƙofar ofis.

Jikan Fatake: Malam, da girmanka, a nan ban yarda ba. Wancan jeri na zaman zaure ne da zaman fada, ba na hanya ba ne. Kakanninmu da suka riƙa kora jakuna daga Kano har Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni, suna kai kanwa da tufafi suna dawowa da goro, kunya ce ta kai su? Alhassan Ɗantata da fataucin goro ya fara tsakanin Kano da ƙasar da yanzu ake kira Gana, da jirgin ƙasa ya iso Kano aka buɗe cinikin gyaɗa ya shiga da ƙarfinsa, kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi cikin mafi arziki a Afirka ta Yamma. Zango nawa Hausawa suka kafa daga Kumasi zuwa Yawunde zuwa Sudan? Halin muna da shi tun fil azal. Bambancin kawai, mu ba ma yabon kanmu da shi a takarda. Kuma wanda ya ce zafin nema ba ya kawo samu, shi ne dai ya ce mai nema yana tare da samu.

Malam Mai Ritaya: Na karɓi gyara, kuma ka ƙara min hujja ba ka sani ba. Muna yi, amma ba ma so a kira mu da sunan.

Hajiya ta Banki: Na yi shiru ina karantawa, amma akwai abin da duk mazan nan ba ku taɓo ba. Shekara takwas na yi a sashen neman kwastomomi na wani banki. Kowane wata da adadin kuɗin ajiyar da za ka kawo, in ba ka cika ba a karanta sunanka a taron safiyar Litinin kowa na ji. Akwai abokin aikina namiji, in ya sa Alhaji a gaba ba ya barinsa, ya bi shi shago, ya bi shi gida, ya jira shi a ƙofar masallaci. Manaja ya tashi a taro ya ce "I like him, he is very aggressive", aka tafa masa. Ni kuma a shekarar na fi shi kawo kuɗi. Wata rana a taro aka ɗora min laifin wani asusu da ba ni na buɗe ba, na ce ba haka aka yi ba, na fito da takarda na nuna kwanan wata da sa hannu. Ban ɗaga murya ba, Allah shaida. Da awon aiki ya fito, me aka rubuta min? "She can be too aggressive." Kalma ɗaya, ofis ɗaya, biro ɗaya. Shi ta zame masa tsani, ni ta zame min tabo, sai da aka tsallake ni a ƙarin girma na shekarar.

Baban Khalifa: Hajiya a yi haƙuri, amma wataƙila yadda kika yi maganar ne. Mace ta ƙaryata manaja a gaban jama'a, ko a gida ba a so.

Hajiya ta Banki: Malam, ka ga ka maimaita abin da nake faɗa. Da namiji ne ya fito da takardar, cewa za ka yi ya tsaya wa gaskiyarsa. Da yake ni ce, har ka kai maganar gida. A Hausa ma haka ne: shi jarumi, ita mai tsiwa. Shi tsayayye, ita fitsararriya.

Baban Khalifa: Ni ban ce fitsara ba, kada a sa min magana a baki.

Maman Ilham: Ba ka faɗa ba, amma hanyar garin ka kama. Kuma ba mu kaɗai ke wannan kukan ba. A 2014 Sheryl Sandberg, lokacin tana ta biyu a Facebook, ta jagoranci wani gangami a Amurka na a daina kiran yara mata "bossy", don yaro namiji in ya ja ragamar wasa sai a ce shugaba ne, yarinya kuma a ce ta cika iko. Wasu sun yi mata dariya cewa hana kalma ba ya canza zuciya, kuma ina ganin suna da gaskiya a nan, amma ciwon da ta nuna na gaske ne.

Shugaban Zaure: Jama'a a sassauta. Tambayar kalma aka yi, kada a mayar da ita rikicin maza da mata. Baban Khalifa, Hajiya, don Allah kowa ya yi haƙuri.

Malam Mai Ritaya: Hajiya, abin da kika yi a taron nan yana da sunansa daban a Turanci, kuma da manajan ya yi adalci da ita zai rubuta: "assertive". Ita ce mutum ya faɗi haƙƙinsa ko ra'ayinsa a fili, ba tsoro, ba kuma taka wani. Masana halayyar ɗan Adam a Amurka sun mayar da ita darasi da ake koyarwa, suna jera hali uku: wanda ake takawa ya yi shiru, wanda ke taka mutane, da na tsakiya mai cewa "ba haka ba ne" cikin natsuwa. A wurinsu "aggressive" ita ce ta biyu, wato aibu ce ƙarara. Ka ga rikicin: a ajin masu ilimin halayya laifi ce, a taron 'yan talla lambar yabo ce, kuma duk a ƙasa ɗaya.
Sauran 'yan uwanta, tunda an taɓo: "pushy" kullum suka ce, mai tura kai inda ba a gayyace shi ba. "Forward" a bakin 'yan Najeriya ita ce rashin kunyar yaro ga manya. "Go-getter" yabo ce, wanda in an aike shi ba ya dawowa hannu rabbana.

Sista ta Asibiti: Mu a wurinmu kalmar nan sau uku take canza riga a ɗaki ɗaya. In likita ya ce ciwon daji "aggressive" ne, yana nufin mai saurin yaɗuwa. In ya ce za a yi "aggressive treatment", wato za a taso wa cutar da magani mai ƙarfi ba ƙaƙƙautawa. In kuma ka ga an rubuta a fayil cewa mara lafiya "aggressive" ne, to a yi hattara, yana duka ko yana fizge ƙarin ruwa. Na taɓa ganin wani dattijo da ya kawo matarsa, yana ɗan jin Turanci, likita yana bayanin ƙarin da ke jikinta ya ce "it is very aggressive". Dattijon ya ɓata rai ya ce wallahi shekara arba'in suna tare ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Sai da na ja shi gefe na ce Baba, ciwon ake nufi, ba Mama ba. Ya yi shiru, ya ce da ma ita ɗin ake nufi.

Maman Ilham: Allah sarki. Allah ya ba marasa lafiya lafiya.

Yaron Liverpool: Amin. A ƙwallo kuma in an ce ƙungiya tana "aggressive pressing", yabo ne. Irin wasan da Klopp ya kawo mana daga 2015: da an ƙwace maka ƙwallo, mutum uku su rufar wa wanda ya ɗauka kafin ya ɗaga kai. Amma ɗan wasa ɗaya ya zama "too aggressive", jan kati ke nan.

Ɗan Kwari: Kai ko maganar jana'iza ake sai ka kawo Liverpool.

Barista: Ƙarin bayani daga ɓangarenmu. Sunan da ya fito daga saiwa ɗaya da kalmar, wato "aggression", a dokar ƙasa da ƙasa ba shi da fuskar yabo ko kaɗan. Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya fayyace shi a ƙuduri mai lamba 3314 na shekarar 1974: wata ƙasa ta yi amfani da ƙarfin soja a kan 'yancin wata ko iyakokinta. Shi ne za ku ji masu labarai suna cewa mamaya ko kai hari. Abin lura ga mai tambaya, siffar ce kawai ta sami ma'anar kirki a kasuwa. Za a ce maka "be aggressive", amma in ka ji an ce ka nuna "aggression" ga kwastoma, to takardar tuhuma ce ke tafe.

Ma'aikacin Fansho: Duk mai asusun fansho ma ya ci karo da ita ko bai lura ba. Tun 2018 da PenCom, hukumar kula da fansho ta Najeriya, ta raba asusun gida-gida, Asusu na 1 shi ake kwatantawa da "aggressive", don an fi zuba kuɗinsa a hannun jari, riba na iya yawa, faɗuwa ma haka. Sai wanda bai kai shekara 50 ba, kuma sai ya nema da kansa. Na 3 na waɗanda suka kai 50 ne, ana lallaɓa shi. A nan ma'anarta kasada ce kawai, babu faɗa babu naci.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa daga Nijar. Mu da Faransanci muka yi boko, kuma "agressif" da g ɗaya muke rubutawa. In aka ce mutum "agressif" ne, ba a yabe shi ba, mafaɗaci ne. Ana iya faɗin haka a kan farashi ko talla, amma sanarwar neman ma'aikaci "dynamique" za ka gani. Ranar da na fara ganin tallar aiki daga Najeriya an rubuta ana neman "aggressive marketers", na ɗauka masu karɓo bashi da ƙarfi ake nema.

Mazaunin Houston: Dariya ta kama ni, don wani lokacin kusan hakan ne. Shekarata 12 a Amurka. A nan in kana aikin sayarwa, ko lauya ne kai, "aggressive" abin talla ne, za ka ga allon lauyoyi a bakin titi suna kiran kansu da ita don a san ba sa sassauci. Amma "aggressive driving" laifi ne a wasu jihohi, kuma in maƙwabci ya kira 'yan sanda ya ce kana "aggressive", ranar ba za ta yi maka daɗi ba, balle kana baƙar fata. Abokan aikina 'yan Ingila kuma na lura ba su cika yabon mutum da ita ba. Shawarata ga masu rubuta takardar neman aiki: kada ka siffanta kanka da ita in aikin asibiti ne, ko koyarwa, ko ƙungiyar agaji. Ka ce "proactive" ko "driven". Ka bar oga ya faɗe ta da bakinsa.

Maman Ilham: To "passive-aggressive" fa? Yarana sun ishe ni da ita.

Malam Mai Ritaya: Wannan daga sojan Amurka ta fito, a wata takardar likitocinsu ta 1945, kan sojojin da ba za su ce "ba zan yi ba" a fili ba, sai dai jan ƙafa da kumbure-kumbure da mantuwar ganganci. Mun san halin sarai. Ka aiki yaro ya ce to, ya yi awa biyu a hanyar minti biyar. Ko a ajiye maka tuwo a ce "ci mana", amma yadda kwanon ya daki ƙasa ya ishe ka saƙo.

Baban Khalifa: Wannan kam na san shi.

Hajiya ta Banki: Da alama ka ci tuwon.

Jikan Fatake: Malam, kafin a tashi, "ambitious" fa? Wani ya taɓa ce min "you are too ambitious" don na ce zan buɗe reshe a Abuja.

Malam Mai Ritaya: Ita ma tafiyar da ta yi ke nan, daga zargi zuwa yabo. A Latin "ambire" zagayawa ne, kuma ana faɗinsa a kan 'yan takarar Rum masu zagaya gari suna roƙon ƙuri'a sanye da fararen kaya. Daga farin kayan nan ma kalmar "candidate" ta fito. Waɗanda suka karanta wasan Julius Caesar na Shakespeare a sakandare za su tuna cewa hujjar da Brutus ya bayar ta kashe Kaisar ita ce wai yana da "ambition", wato kwaɗayin sarauta. Yau kuwa uwa za ta yi alfahari ɗanta "ambitious" ne. Mu ma muna da wannan rabon: buri abu ne mai kyau, amma da ka ce dogon buri an shiga wa'azi. Wanda ya ce maka "too ambitious", dogon buri yake nufi, ko dai yana ganin jarinka bai kai ba, ko kuma reshen ne ba ya so ya gani.

Jikan Fatake: Na biyun ne, Malam. Ɗan uwana ne a sana'a.

Ɗan Sola: Na dawo, jama'a, na gode ƙwarai. Yau da safe na yi ta maza na shiga ofishin oga na tambaye shi me yake nufi. Dariya ya yi. Ya jawo littafina ya nuna min sunaye 40 da na rubuta "zai yi shawara", ya ce nawa ka koma wa? Na ce babu. Ya ce abu uku yake so: in koma wa mutum bayan kwana uku, in riƙa lissafa masa a takarda abin da yake kashewa a man janareta duk wata, sannan kada in fita shago ban tambayi ranar da za a ba da kafin alƙalami ba. Daga nan na wuce wurin wani mai kemis da na bar wa lamba tun watan jiya. Ina shiga janaretansa na ta hayaƙi a bakin ƙofa. Muka zauna muka yi lissafin, ya daɗe yana kallon takardar, ya ce in dawo Asabar da mai auna rufi. Gabana na ta faɗuwa lokacin da nake tambayar kuɗin, amma bai ji haushi ba, har lemo ya saya min.

Hajiya ta Banki: Madalla ƙanena. In kana da abokiyar aiki mace da ke yin irin haka, ka lura da abin da za a rubuta mata a ƙarshen shekara, ka zo ka ba mu labari.

Ɗan Sola: In sha Allah, Anti. Akwai guda biyu, kuma ɗayar duk ta fi mu ciniki.

Ɗan Kwari: Af, ƙanena, tunda ana maganar, nawa ne zai ishi shago mai fanka uku da ƙwai shida da ɗan firij?

Ɗan Sola: Yaya turo min lambar shago da layin da kake. Gobe ƙarfe tara ina ƙofarka da takardar lissafi, kuma ka taho da kafin alƙalami.

Ɗan Kwari: Kai! Tambaya fa kawai na yi.